Idan inzayim ba ya ƙarewa a wurin aiki, me ya sa jiki yake ta ƙera sabo?

Dalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina shekarar farko a jami'a, ina karanta ilmin halittu, kuma akwai wata jimla da ake maimaita mana tun daga sakandare wadda har yau ba ta zauna mini ba. Ana cewa inzayim sinadari ne da ke hanzarta sauye-sauyen da ke faruwa a jikin mai rai, amma shi kansa ba ya ƙarewa, ba ya sauyawa, kuma ba ya ƙara wa aikin wani ƙarfi daga wurinsa. Tambayata kashi biyu ce. Idan bai ba da ƙarfi ba, da me yake hanzarta aikin? Idan kuma ba ya ƙarewa, me ya hana jiki ya ƙera shi sau ɗaya ya huta, maimakon kullum baki da tumbi da fankiriyas su yi ta zubo sabo? Ina roƙon a yi mini bayanin da hankali zai kama, domin haddar jimlar na riga na yi.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in ɗauki kashin farko, domin shi ne na shafe shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli. Ki ɗebi cokalin sukari ki zuba a faranti ki ajiye a ɗaki. Iskar oksijin tana kewaye da shi, kuma a ƙa'idar kimiyya idan sukari ya haɗu da oksijin suka koma ruwa da iskar kabon dayokzaid, ƙarfi ne yake fitowa mai yawa. Ke nan sauyin ba ya buƙatar a ba shi ƙarfi daga waje domin ya kammala, akwai shi a cikin sukarin tun farko. Amma za ki dawo bayan shekara ki tarar da sukarinki yadda kika bar shi, in dai tururuwa ba su gano shi ba. Dalili shi ne kafin tsofaffin mahaɗan da ke riƙe da sinadarin su tsinke sababbi su ƙullu, dole ya bi ta wani hali na tsaka-tsaki mai wuyar kaiwa, wanda yake buƙatar wani ƙarfi na farawa. A zafin ɗaki, ƙwayoyin sinadarin da suke samun wannan ƙarfin ba su taka kara sun karya ba. Wuta tana warware matsalar ta hanyar ba kowace ƙwaya ƙarfi mai yawa, amma jiki ba zai iya kunna wuta a cikinsa ba, yana nan a kusan digiri 37 na ma'aunin Salsiyos. Abin da inzayim yake yi shi ne ya rage yawan ƙarfin da ake buƙata kafin a fara, ta yadda ɗan zafin da jiki yake da shi zai wadatar. Matakin farko na ƙona sukari a cikin ƙwayar halitta kaɗai yana da hawa 10, kuma kowane hawa da nasa inzayim ɗin.

DanKasuwar_Shanu:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka da alheri. Ni ba masanin kimiyya ba ne, amma yadda na fahimci maganar, aikin dillali ne a kasuwar dabbobi irin ta Maigatari ko Potiskum. Mai sa yana son sayarwa, mai kuɗi yana son saye, duk suna cikin kasuwa ɗaya, amma suna iya wuni ba su haɗu ba, ko su haɗu ciniki ya ƙi faɗawa. Dillali ya riƙo hannun wannan ya riƙo hannun wancan, ya tsayar da su fuska da fuska, a yi sallama, shi kuma ya juya ya nemi wasu. Bai kawo sa ba, bai kawo kuɗi ba, kuma da yamma yana nan yadda ya zo da safe.

Injiniya_Bakatsine:
Alhaji, misalinka ya kama hanya ta fuska ɗaya, domin haɗa sinadarai biyu wuri guda da daidaita su ta fuskar da ta dace babban ɓangare ne na aikin inzayim. Sai dai akwai wurare biyu da misalin zai iya ɓatar da ɗalibarmu. Dillali yana karɓar la'ada, inzayim kuwa ba ya rage komai daga abin da aka sarrafa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, dillali mai wayo yana iya ɗaga farashi ko ya karya shi, amma inzayim ba shi da ikon sauya inda sauyin zai tsaya. Idan a ƙa'ida wani sauyi zai tsaya ne a inda kashi 90 cikin 100 ya koma sabon abu, kashi 10 ya rage, to da inzayim da babu shi a nan zai tsaya. Bambancin kawai tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a kai wurin. Yana hanzarta tafiya da dawowa daidai wa daida.

Akwai misali mai kyau a cikin jininmu. Wani inzayim mai suna kabonik anhaidirez, wanda yake cike a jajayen ƙwayoyin jini, yana haɗa iskar kabon dayokzaid da ruwa su zama baikabonet a sassan jiki inda iskar ta yi yawa. Da jinin ya isa huhu, inda ake fitar da iskar ta ragu, shi dai wannan inzayim ɗin ne yake mayar da baikabonet ya koma iska mu fitar da numfashi. Ba shi ne ya zaɓi alƙibla ba, yawan kayan da ke kowane gefe ne ya zaɓa. Kuma ƙwaya ɗaya tasa tana iya yin wannan aikin kusan sau miliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda.

DanKasuwar_Shanu:
Injiniya, dillalin da ba ya karɓar la'ada ban taɓa gamuwa da shi ba, saboda haka na bar muku sauran bayanin.

Hajiya_Mai_Kunu:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa, kuma ina so malamai su gaya mini ko abin da nake gani a sana'ata yana da alaƙa da ita. Ina yin kunun zaƙi na sayarwa. Bayan na jiƙa gero na kai an niƙa tare da citta da kanumfari da busasshen dankalin Hausa, nakan raba ƙullun gida biyu. Kaso mafi yawa shi nake sheƙa wa tafasasshen ruwa ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki. Sai in bar shi ya sha iska, ya kai yadda zan iya taɓa jikin robar ba tare da na janye hannu ba, sannan in juye ɗanyen kason a kai in gauraya. A gaban idona kaurin nan yake sakin jiki ya tsinke, kuma idan ya kwana sai zaƙi ya fito tun kafin a sa sukari. Yarinyar da take taya ni ta taɓa yin gaggawa ta juye ɗanyen ƙullun a kan mai tafasa, ranar kunun bai tsinke ba, ya zauna da kaurinsa babu zaƙi. Mahaifiyata da tsiron shinkafa take yi maimakon dankali, kuma ita ma haka take jan kunne a kan a bari ya huce.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Hajiya, abin da kike yi kowace rana shi ne ainihin darasin. Sitacin gero dogayen sarƙoƙi ne na sukari a ɗaure da juna, shi ya sa ba a jin zaƙinsa. Tafasasshen ruwa yana kumbura sitacin ya buɗe shi, wannan ne kaurin da kike gani. A cikin dankali da tsiron hatsi akwai inzayim mai suna amilez, wanda aikinsa yanka waɗannan sarƙoƙi gunduwa-gunduwa. Da sun gajarce kauri ya tafi, da sun kai ƙananan sukari harshe ya ji zaƙi. Ɗanyen kason da kike ajiyewa shi ne yake ɗauke da amilez da ransa, idan an yarda in faɗa haka. Yarinyarki ta zuba shi a zafin da ya warware masa siffa, kuma inzayim da siffarsa yake aiki. Ki lura kuma da ƙanƙantar dankalin idan aka gwada shi da yawan geron. Da a ce amilez yana ƙarewa duk lokacin da ya yi yanka ɗaya, da wannan ɗan dankalin bai tsinka roba guda ba. Tsamin da yake fitowa bayan kwana kuwa aikin bakteriya ne masu mayar da sukari ya zama asid, su ma da nasu inzayim ɗin suke yi.

Wani abin sha'awa shi ne daga tsiron hatsi aka fara ware inzayim a tarihi. A 1833 wasu Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka ciro shi daga tsiron sha'ir suka nuna yana mayar da sitaci sukari.

Abu_Sumayya:
Malam ya ce da siffarsa yake aiki. Mu dai abin da aka koya mana shi ne kwaɗo da makulli: kowane inzayim yana da gurbin da abin da zai sarrafa yake shiga daidai, shi ya sa amilez ba ya taɓa nama, fefsin na tumbi kuma ba ya taɓa sitaci. Ina ganin wannan ya isa amsa, ban ga abin da ya rage ba.

Dakta_Sinadarai:
Malam Abu Sumayya, bayanin kwaɗo da makulli na Emil Fischer ne, Bajamushe, tun 1894, kuma ya amsa tambayar dalilin da ya sa kowane inzayim yake zaɓar abin da zai yi aiki a kai. Amma bai amsa tambayar ɗalibarmu ba, wato daga ina saurin yake zuwa. Hasali ma, idan gurbin ya dace da abin sarrafawa ɗari bisa ɗari kamar yadda yake kafin ya sauya, to zai riƙe shi ne ya zaunar da shi daram, sauyin ya ƙara wuya maimakon ya sauƙaƙa. Linus Pauling ne ya fito da maganar fili a shekarun 1940: gurbin inzayim ya fi dacewa da wannan hali na tsaka-tsaki da Malam ya ambata, lokacin da tsohon mahaɗi ya fara tsinkewa sabo bai gama ƙulluwa ba. Saboda inzayim ya fi riƙe wannan halin da kyau fiye da yadda yake riƙe abin a farkonsa, sai kaiwa gare shi ta yi sauƙi. A 1958 kuma Daniel Koshland ya ƙara da cewa gurbin ba kafaffe ba ne, yana motsi ya rufe abin idan ya shiga. An ga haka ƙarara a hekzokainez, inzayim na farko da yake karɓar gulukos a cikin ƙwayar halitta: ɓangarorinsa biyu suna matsowa su rufe sukarin, su kore ruwa daga wurin.

A cikin gurbin ba hanya ɗaya ake bi ba. Wani inzayim yana miƙa wa abin sarrafawa ƙwayar haidirojin a daidai lokacin da ake buƙata ya karɓe ta daga baya, wani yana lanƙwasa shi har mahaɗin ya yi rauni, wani kuma yana riƙe da ƙwayar ƙarfe da take taya shi. Kabonik anhaidirez da Injiniya ya kawo yana da ƙwayar zinki guda a tsakiyar gurbinsa, idan aka cire ta aikin ya tsaya. Yawancin bitamin na rukunin B ma amfaninsu ke nan, jiki yana mayar da su mataimakan inzayim. Inzayim na farko da aka ga cikakkiyar siffarsa shi ne laisozayim, wanda yake cikin hawaye da farin ƙwai. David Phillips da abokan aikinsa suka fitar da ita a Landan a 1965, aka ga tsagin da bangon bakteriya yake shiga a yanke shi.

Likitan_Yara_Kano:
Har yanzu ba wanda ya taɓa kashi na biyu na tambayar, kuma a wurina shi ne ya fi shafar rayuwar mutane. Cewa inzayim ba ya ƙarewa a cikin sauyin da yake hanzartawa gaskiya ne, amma ba a ce ba ya tsufa ba. Furotin ne, doguwar sarƙa da aka naɗe ta a wata siffa, kuma mahaɗan da suke riƙe da naɗin masu rauni ne. Zafi da asid da oksijin suna yi masa lahani a hankali. Waɗanda suke narkar da abinci kuwa jiki ya riga ya zubo su cikin hanji, sun gauraya da tuwo da miya, kuma su kansu ana narkar da su kamar kowane furotin. Amilez na yawu yana daina aiki bayan asid ɗin tumbi ya ratsa lomar. Fefsin, wanda ya fi ƙarfi a tsananin tsamin tumbi, yana mutuwa idan ya gangara ƙaramin hanji inda ruwan fankiriyas ya kashe tsamin. Bayan haka, jiki da kansa yana rushe wasu da gangan, domin inzayim da ba a iya kawar da shi ba za a iya tsayar da aikinsa ba idan buƙata ta wuce. Akwai waɗanda ba sa wuce mintoci a cikin ƙwayar halitta, akwai masu kwanaki.

Ga abin da muke gani a asibiti. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma ba su da cibiyar da za ta ba su damar ƙera sabon furotin, saboda haka da guzurin inzayim da suka fito da shi daga ɓargo suke ƙare rayuwarsu. Ɗaya daga ciki shi ne G6PD, wanda yake kare su daga lahanin oksijin. Akwai mutane da yawa a ƙasashenmu, galibi maza domin gadon yana kan kuromozom X, waɗanda irin G6PD ɗinsu yake lalacewa da wuri. Sabuwar ƙwayar jini tana da isasshe, tsohuwa kuwa nata ya kusan ƙarewa. Mutum yana lafiya ƙalau har ranar da zai sha wani magani irin su firimakwin na maleriya, ko a ajiye kayan jariri da ƙwallayen kafur na kashe asu, sai tsofaffin ƙwayoyin su farfashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Da yawa daga cikin jariran da ake kawo mana da shawara mai tsanani wannan ne sanadinsu. An ƙiyasta masu wannan hali a duniya sun kai kimanin miliyan 400. Idan da inzayim dawwamamme ne, da wannan cutar ba ta wanzu da irin wannan kama ba.

Ummu_Haidar:
Dakta, tunda an ambaci zafi, ni na taɓa jin cewa zazzaɓi yana kisa ne saboda yana dafa inzayim ɗin jiki, shi ya sa da zarar jikin yaro ya kai digiri 39 hankalina yake tashi. Shin haka abin yake?

Likitan_Yara_Kano:
Malama Ummu Haidar, an yi wa maganar ƙari. Zazzaɓin digiri 39 ko 40 ba ya warware siffar inzayim ɗin jiki yadda tafasasshen ruwa ya yi wa amilez na Hajiya. Abin tsoro a zazzaɓi shi ne cutar da ta haddasa shi, kamar maleriya ko sanƙarau, da kuma ƙarancin ruwa a jiki, don haka gwaji da magani su ne abin gaggawa. Inda zafi da kansa yake lalata sassan jiki shi ne idan ya haura kusan digiri 41 zuwa 42 ya daɗe, kamar wanda rana ta buga a tsakiyar bazara. Yaro mai zazzaɓi a kai shi asibiti, musamman idan yana suma ko ya ƙi shan nono.

Injiniya_Bakatsine:
Ƙari a kan wannan, kada a ɗauka cewa digiri 37 doka ce a kan kowane inzayim. Akwai bakteriya da Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka a shekarun 1960, kuma inzayim ɗinta mai kwafar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado, ya fi aiki a wajen digiri 72, yana kuma jure zafin da ya kusan kai na tafasa. Da shi ake gwajin PCR da kowa ya ji sunansa a lokacin annobar korona. Shi ma furotin ne kamar sauran, naɗinsa ne ya fi tsauri.

Mai_Tarihi_Damagaram:
Ina so in tuna wa zauren cewa abin da muke faɗa yau cikin sauƙi an daɗe ana jayayya a kansa. Louis Pasteur ya tsaya a kan cewa yisti ba ya mayar da sukari barasa sai yana da rai. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yisti da yashi, ya matse ruwansa wanda babu ƙwayar halitta mai rai a ciki, ya zuba sukari, ruwan ya yi ta fitar da kumfa. Wannan ne ya nuna cewa sinadari ne yake aikin, kuma ya sami kyautar Nobel a 1907. Bayan haka aka koma jayayya a kan ko inzayim furotin ne. James Sumner na Jami'ar Cornell ya fitar da yuriyez daga wani irin wake a siffar ƙanƙara tsantsa a 1926 ya ce furotin ne, manyan masana na Jamus suka ƙi yarda, sai da John Northrop ya yi haka da fefsin a 1930 maganar ta fara zama. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba Nobel a 1946. Daga nan littattafai suka rubuta cewa kowane inzayim furotin ne, sai ga Thomas Cech da Sidney Altman a farkon shekarun 1980 sun nuna cewa RNA ma, wanda ɗan'uwan DNA ne ba furotin ba, yana hanzarta sauyi, su ma aka ba su Nobel a 1989. Don haka ina ganin Likita ya kamata ya ce yawancinsu furotin ne.

Manomi_Daga_Lafiya:
Mu masu noman rogo muna da namu labarin. Rogo mai ɗaci ba a cinsa sai an gurza shi, an zuba a buhu an danne da dutse ya kwana biyu ko uku yana tsiyaya, sannan a soya garin. Wani jami'in gona ya taɓa gaya mana cewa gurzawar ita ce muhimmiya fiye da suyar, ban gane dalilinsa ba a lokacin.

Dakta_Sinadarai:
Jami'in ya faɗi gaskiya, Malam. A cikin rogo akwai wani sinadari mai suna linamarin da kuma inzayim mai fasa shi, linamarez, amma an ajiye su a wurare dabam-dabam a cikin ƙwayar halittar. Gurzawa tana fasa ƙwayoyin su haɗu, inzayim ya fasa linamarin, gubar sayanaid ta fito ta bi ruwan da yake tsiyaya, ragowar kuma ta tashi da zafin suya. Wanda ya jefa rogo mai ɗaci manya-manya a tukunya yana iya kashe inzayim ɗin tun bai yi aikinsa ba, linamarin mai yawa ya rage a ciki. Ita kanta sayanaid tana kisa ne ta hanyar toshe wani inzayim, wanda ƙwayoyin jikinmu suke amfani da oksijin ta hanyarsa.

Wannan ya kawo ni ga wata kalma a tambayar farko da ban yarda da ita ba, wato cewa inzayim ba ya sauyawa. Yana sauyawa a tsakiyar aiki, abin da ake nufi shi ne yana komawa yadda yake a ƙarshen kowane zagaye. Asetilkolinesterez, wanda yake share saƙon jijiya bayan ya isa ga tsoka, yana ƙulla mahaɗi na gaske da wani ɓangare na abin da yake fasawa, sannan ruwa ya zo ya kwance shi, kuma yana yin haka sau dubbai a daƙiƙa. Fiya-fiya da ire-irensa na feshin gona suna shiga wannan gurbin su ƙulla mahaɗin da ba ya kwancewa da sauƙi. Inzayim ya maƙale a tsakiyar zagaye, saƙon jijiya ya taru, sai ka ga yawu yana dalala, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara. Asfirin ma haka yake yi wa inzayim ɗin da yake haddasa kumburi da ciwo, kuma saboda ƙwayoyin da suke daskarar da jini ba sa iya ƙera sabo, tasirin ƙwaya ɗaya a kansu yana kai kwana 7 zuwa 10. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, daga cikin ɓarnarta akwai hana aikin inzayim ɗin da suke ƙera jan sinadarin jini.

Abu_Sumayya:
To idan jiki yana asarar inzayim haka, ashe masu tallar ƙwayoyin inzayim da masu cewa a riƙa cin ɗanyar gwanda da abarba domin a ƙara wa jiki suna da hujja. Mun san ganyen gwanda yana tausasa nama idan aka naɗe shi a ciki.

Likitan_Yara_Kano:
Tausasa nama gaskiya ne, fafayin na gwanda yana yanka furotin, kuma ƙaiƙayin da abarba take sa wa harshe aikin irin wannan inzayim ɗin ne. Amma inzayim da aka haɗiye ba ya shiga jini ya je ya maye gurbin G6PD ko wani na cikin hanta; a hanji yake tsayawa, a can kuma ake narkar da shi. Mai lafiya yana ƙera abin da ya ishe shi daga abincin da yake ci. Inda ake ba da inzayim a matsayin magani wurare ne sanannu, kamar wanda fankiriyas ɗinsa ya lalace, ko wanda madara take ɓata wa ciki saboda ƙarancin laktez mai narkar da sukarin madara, kuma duka biyun a cikin hanjin ake son su yi aikin.

Dalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai, malamaina. Kashi na biyu ya warware mini da bayanin Likita. A kashi na farko kuwa akwai sauran abu. Dakta ya ce inzayim yana lanƙwasa abin sarrafawa yana kuma matse shi, kuma lanƙwasawa aiki ne da yake cin ƙarfi. Idan inzayim bai kawo ƙarfi ba, wa ya biya wannan?

Dakta_Sinadarai:
Tambayar ta yi kyau, ƙanwata. Riƙon ne yake biya. Duk lokacin da abin sarrafawa ya zauna a gurbi, ƙananan mahaɗai masu rauni da yawa suna ƙulluwa tsakaninsu, kuma ƙulluwar kowane mahaɗi tana sakin ɗan ƙarfi. Mafi yawansu ba sa cika sai abin ya kai halin tsaka-tsaki, don haka ƙarfin da suka saki yana rage tsadar kaiwa can. Idan sauyin ya kammala, sabon abin bai dace da gurbin sosai ba, sai ya fita, mahaɗan su kwance, lissafin ya koma sifili a wurin inzayim. Kada kuma ki raina abin da ragin yake haifarwa, domin sauri ba ya ƙaruwa daidai da ragin, ninkuwa yake yi. A 1995 Anna Radzicka da Richard Wolfenden sun auna wani sauyi da ake buƙata wajen ƙera tubalan DNA, suka gano cewa babu inzayim sai an yi kimanin shekara miliyan 78 kafin rabinsa ya auku, da inzayim kuwa ba ya kai daƙiƙa ɗaya.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Ban ƙi gyaran Dakta ba a matakin jami'a, amma a sakandare zan ci gaba da goyon bayan a ce wa yara ba ya ƙarewa, a tsaya nan, sannan a nuna musu da ido. Ɗan yankan ɗanyar hanta da kwalbar haidirojin ta wanke ciwo, wato haidirojin feroksaid, sun isa. A jefa hantar a ciki, kumfar oksijin ta taso har ta zubo, saboda katalez da ke cikinta. Idan ta lafa a ƙara sabon haidirojin a kan wannan yankan dai, kumfa ta sake tasowa. A gwada da dafaffiyar hanta, ba abin da zai motsa. Yaron da ya ga wannan ya riga ya san cewa abin da ya ƙare shi ne haidirojin.

Injiniya_Bakatsine:
Malam, gwajin yana da kyau, sai dai idan aka yi ta ƙara haidirojin mai ƙarfi za a ga kumfar tana raguwa daga zagaye zuwa zagaye, domin haidirojin ɗin da kansa yana lalata katalez a hankali. Yaro mai lura zai tambaya, kuma a ganina gara malami ya shirya masa amsar Likita tun kafin ya tambaya.

Bafulatanin_Mambila:
Kafin a rufe wannan babi ina da tambaya ga Dakta. Matanmu suna yin cuku da tumfafiya: a daka ganyen, a tace ruwan a cikin madara mai ɗumi, a ci gaba da ɗora ta a wuta har ta kama. An gaya mini cewa inzayim ne a cikin ruwan tumfafiyar yake yanka furotin ɗin madara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan yana aiki a kan wuta, a zafin da na tabbata ya fi wanda Hajiya take jira kununta ya sauko. Shin irin na bakteriyar ruwan zafin nan ne da Injiniya ya ambata, ko kuwa yana gama yankansa ne tun kafin zafin ya kai ga lalata shi?